Algaitar da ba ita na auna ba

Turampet ɗin da aka ƙera a Japan da wanda aka ƙera a Amurka duk kan awo ɗaya suke, A 440, wato sautin A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ko kusa da haka. Algaita ba ta san wannan zance ba. Kowace da tsawonta, da faɗin cikinta, da inda maƙerinta ya ga dama ya huda ramukanta, kuma muryarta daga nan take fitowa. Shi ya sa da aka ba ni aikin tsara kiɗan jaz mai algaita a ciki, don wata liyafar ƙarshen shekara a Samaru, ban rubuta komai ba sai da na shiga cikin birni wajen Baba mai busa, na ɗora manhajar awon sauti a gabansa. Sautin da yake komawa kansa ya zauna daram a kan F. Na yi murna, domin F ki ne (sautin da ake gina kiɗa a kansa) mai daɗi ga masu busa: turampet da saksafon tena su karanta G, saksafon alto ya karanta D, turambon ya samu F da B♭ ba tare da ya motsa hannu ba. A kan wannan na gina komai.

Salon da na so bi na Melba Liston ne, mai busa turambon da tsara kiɗan jaz, kuma wanda bai san ta ba bai san rabin aikin nan ba. An haife ta a Kansas City a 1926, ta ɗauki turambon tana da shekara 7, ta girma a Los Angeles, ta shiga ƙungiyar Gerald Wilson tun ba ta kai 20 ba, a nan hannunta ya faɗa da tsara kiɗa. Yawon da ta yi da Billie Holiday a jihohin kudu na ƙasar Amurka a 1949 ya ɓata mata rai har ta ajiye busa ta kama aikin ofis. Dizzy Gillespie ya dawo da ita cikin babbar ƙungiyarsa a 1956, daga baya ta bi Quincy Jones zuwa Turai. Amma abin da ya shafe mu shi ne aikinta da Randy Weston, mai fiyano, wanda suka yi kusan shekara 40 tare. Ita ta tsara masa Uhuru Afrika a 1960, inda Babatunde Olatunji ɗan ƙasar nan yake cikin makaɗa, ita kuma ta tsara faifan da ya fitar a 1963 bayan ya zo Legas ya ji hailaif da kunnensa. Idan ka saurari waɗannan da kyau za ka ji ba ta danne ganguna da kod, wato sautuka da ake haɗawa lokaci guda, mai kauri. Tana barin fili, tana sa nauyin a ƙasa wajen turambon, sama kuma ta bar wa mai magana.

Haka na yi wa algaita. Muryarta tana zaune daidai inda turampet da alto suke zama, kuma ta fi su tsini, don haka na saukar da masu busa ƙarƙashinta, tena da turambon su riƙe shimfiɗa. Sautinta na uku bai kai A ba, ya kuma wuce A♭, sai na cire na uku daga yawancin kod ɗin, na jera su da tazarar huɗu da biyar. Ba ta tsayawa numfashi, tunda mai busa yana ja ta hanci yana turawa da kumatu, kuma take take busawa, shi kuwa take tsawonsa na bin kirarin da ke cikinsa, ba ruwansa da gaɓa 12 ko 32 da ake ƙirga tsawon kiɗan jaz da su. Na bar mata wuri a buɗe, mai kalangu ya ba da alama idan ta sauka. Duk wannan ya tafi yadda ake so.

Ana gobe liyafa, a gwajin ƙarshe a Sabon Gari, sai ga wani saurayi da algaita a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malam, Baba ne ya aiko ni. An kira shi biki Kaduna, ya ce in tsaya masa." Yaron ya iya busa, ban ƙi ba, taken ma a bakinsa yake. Sai dai Baba ya tafi da tasa algaitar. Da yaron ya saki sauti, mai kibod ya ɗaga kai ya dube ni. Na auna: ta wuce F da kusan kashi 70 cikin 100 na rabin mataki. Ba F ba ce, ba kuma G♭ ba, tana rataye a tsakani.

Mutane suna cewa ai sai ya gyara da leɓe. Ba ya yiwuwa. Mai saksafon yana cije da harshen busarsa, yana iya ɗagawa ko ya sauke kaɗan. Mai algaita kuwa 'yar ciyawar gaba ɗaya tana cikin bakinsa, leɓɓansa na manne da ɗan faifan da ke ƙasanta, ba abin da yake taɓa ta. Ƙarfin iska kaɗai gare shi, shi kuma ba zai sauke kashi 70 ya riƙe na minti 6 ba. Mu ma ba za mu hau mu same shi ba. Kibod zai hau da danna maɓalli, amma turampet da turambon idan ka tura bututun awonsu ciki har ƙarshe, ɗan kaɗan suke ƙaruwa, sai ƙarfe ya tokare ƙarfe. Kayan busa sun fi yarda da sauka a kan hawa. Hanya ɗaya ta rage: a ɗaga rubutun duka zuwa G♭, sannan kowa ya ja bututunsa waje ya sauko da kashi 30, kibod a mai da shi wajen 432.

A kwamfuta wannan aikin minti ɗaya ne. Rubutun yana cikin MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, na zaɓi duka na ɗaga rabin mataki, takardu suka fito tsaf: turampet da tena A♭, alto E♭. A ido ma sai ka ce an samu sauƙi. Abin da kwamfuta ba ta sani ba shi ne mutanen da za su hura.

Mai turambon ɗinmu tsohon ɗan badujala ne, karatunsa ba a magana, amma turambon ɗinsa ba shi da maɓallin nan na babban yatsa da ke rage miƙa hannu, kuma bututun ya taɓa lotsewa can wajen ƙarshe. A F, layin da na ba shi yana yawo tsakanin F da B♭ da C, biyu a matsayi na 1 na zura bututun, ɗaya a na 6. A G♭ sai suka koma G♭ da C♭ da D♭: na 5, na 7, na 5. Matsayi na 7 shi ne hannu a miƙe har ƙarshe, daidai inda lotsawar take. Duk sanda ya kai can sai bututun ya ɗan cije, ya dawo a makare, kiɗan da ke tafiya cikin shida-shida kuma ba ya jiran kowa. Ya sauke ya ce, "Oga, ko ka ɗaga min wannan sama, ko ka ba tena." Na ɗaga masa C♭ ɗin da zango guda, wato zuwa C♭ na sama, ya koma matsayi na 4. Ya samu sauƙi, ni kuma na rasa nauyin ƙasan da na gina tsarin a kansa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne gaɓa 8 na tsakiya, inda algaita take shiru masu busa su amsa mata baki ɗaya. Nan ne na zuba duk abin da na koya daga Liston. Ƙololuwar layin A ce a takardar turampet, na kuma zaɓe ta ne don na san nan ne iyakar yaron da ke busa mana, wanda a ƙungiyar coci ya koya. Rabin mataki ya mai da ita B♭. Rabin mataki kawai. Ya same ta a gwajin farko, a na gaba ta fashe, daga nan leɓe ya gaji, ga hunturu ya tsattsage masa baki. Na miƙa layin ga alto, sai wata matsalar ta fito: saksafon idan ka ja kansa waje da yawa, sautukan sama suna sauka fiye da na ƙasa, sai ya zama bai daidaita da kansa ba ma. A ƙarshe na sauke gaɓa 8 ɗin da zango guda. Sun fita lafiya, ba wanda ya yi kuskure, amma abin da ya kamata ya tashi tsaye ya fito a zaune.

Daren liyafar sanyi ya ƙara nasa. Ƙarfe idan ya huce sautinsa sauka yake, algaita kuwa tana ta shan iska mai ɗumi ba hutu. Masu busan da suka jira ta gama taken suka shigo ƙasa da ita a gaɓar farko. Maganinsa a riƙa hura iska cikin ƙarfen ba tare da sauti ba muddin ana jira, kuma a sake awo a filin da za a yi wasa, kada a dogara da na cikin ɗaki. Jama'a sun tafa, an yi wa yaron liƙi sosai, ya kuma cancanta. Ba wanda ya san akwai abin da ya ɓace, wannan kuwa tsohon rabon mai tsara kiɗa ne. Liston ta yi shekaru a Jamaika tana koyarwa daga 1973, ta samu shanyewar jiki a 1985 wadda ta raba ta da turambon, ta ci gaba da rubuta wa Weston da kwamfuta har kusan rasuwarta a 1999, kuma har yau nasa sunan ne a manyan haruffa.

Da Baba ya dawo na je na gaya masa abin da ya faru. Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan nan, algaita ai algaita ce." A wurinsa gaskiya ya faɗa, tunda shi da ganga yake aiki, ganga kuma ba ta tambayar ki. Ni dai yanzu idan za a sa algaita, ko sarewa, ko wani abin busa na gida, da kayan nake ƙulla magana kafin mai shi: wadda aka auna ita za ta zo, ko da wani ne zai busa ta. Ina auna ta mataimakinsa ma tun ranar farko. Ƙololuwar turampet ina barin mata rarar mataki guda ƙasa da iyakar mai busa, layin turambon kuma ina gwada shi a ki na sama da na ƙasa in ga inda hannu zai kai kafin in buga takarda ko ɗaya.