Teburi mai ƙafa ɗaya da bencin da ba ya motsi

Kujerar cin abinci ta yau da kullum tana da sauƙin sha'ani. In ta yi nisa da teburi ka jawo ta, in ta matse ka ka tura ta baya. Amma bencin da ake kafewa a jikin bango, a yi masa soso da majingina irin na gidajen cin abinci, inda aka dasa shi nan zai tsufa, kamar dakalin ƙofar gida. Tun da masu ƙananan gidaje suka fara kawo mana hotuna a waya suna cewa irinsa suke so a lungun falo ko kicin, abin da na fara ganewa ke nan: gyaran zaman da mutum ya saba yi da kansa, yanzu kafinta ne zai yi masa tun a wajen awo.

Mai zama a irin wannan benci ta gefe yake shiga. Ya zauna a baki, sannan ya riƙa jan jiki zuwa ciki. In teburin mai ƙafa huɗu ne, ƙafa ɗaya tana nan tsaye daidai mashiga, gwiwa ta bugu, babbar riga ta maƙale, tsohuwa kuwa sai an kama ta. Teburi mai zagaye da ginshiƙi ɗaya a tsakiya ya raba wannan gardama, don ƙasansa fili ne, kuma ba shi da kusurwar da za ta soki ƙugu. Eero Saarinen, mai zanen gine-ginen nan ɗan asalin Finland da ya yi aikinsa a Amurka, cunkoson ƙafafu a ƙarƙashin teburi ne ya dame shi har ya zana wa kamfanin kayan ɗaki na Knoll teburi mai ginshiƙi ɗaya da ake kira Tulip a shekarun 1950. Yawancin hotunan da ake kawo mana, in ka duba, jikokin wannan teburin ne.

A awo ne aikin yake kyau ko ya ɓaci. Tsayin teburi inci 30, mazauni inci 18, tsakaninsu a samu inci 10 zuwa 12 don cinya ta sake. Sai dai inci 18 ɗin nan ana auna shi ne bayan mutum ya zauna soso ya lotsa. Maigidana da ya koya mini sana'a ba ya yarda a yanka katakon benci sai an kawo sosan da za a yi aiki da shi, ya ɗora a kan akwati, ya sa ɗaya daga cikinmu ya zauna, sannan ya sa tef. Soso mai laushi yakan ci inci guda ko fiye, kuma wannan incin ya isa ya sa mutum ya ji kamar teburi ya kai masa ƙirji. Bakin teburin kuma dole ya shigo kan mazaunin da kamar inci 3 ko 4. In ba haka ba, mai cin abinci zai bar majingina ya dawo bakin benci yana miƙa wuya, miya tana ɗiga a tsakani. Ƙasan bencin ma a shigar da shi ciki kaɗan, saboda duk mai shirin tashi sai ya mayar da dunduniya baya.

Abin da ya fi damuna, kuma na ga ba a cika kula da shi ba, shi ne gindin teburin. Wanda ba zai iya tura kujera baya ba, teburi yake dafawa ya miƙe. Nauyinsa duka yana sauka a baki ɗaya, ga tuwo da miya mai zafi a sama, ga yara a gefe. Ginshiƙi ɗaya mai ƙaramin gindi ba zai ɗauki wannan ba, musamman in saman teburin na marmara ne. In kuma ka yi gindin da katako mai kauri da faɗi, ka dawo da matsalar da ka gudu, ƙafafun mutane ba su da wurin zama. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne faifan ƙarfe mai nauyi, shimfiɗaɗɗe, wanda faɗinsa ya kai rabin faɗin saman ko ya ɗara, mai walda ya haɗa shi da ginshiƙin. Kafin teburi ya bar shago, sai na dafa bakinsa da hannu biyu na sakar masa nauyina.

Zagayen ma ba ko'ina yake shiga ba. Ya fi dacewa da benci mai lanƙwasa ko wanda ya bi kusurwar ɗaki, teburi mai faɗin inci 42 zuwa 48, a ƙara kujera ɗaya ko biyu ta waje. Wata Hajiya ta taɓa neman dogon benci miƙaƙƙe na mutum huɗu da teburi mai zagaye. Na ce, “Hajiya, kowane mutum yana buƙatar inci 24. Na tsakiya za su ci abinci, na gefe biyu kuwa kwano a hannu za su riƙe.” Muka shimfiɗa kwali a ƙasa, na zana mata da alli, ta gani da idonta, muka koma mai siffar ƙwai.

Kusan kowa yana son a yi masa ma'ajiya a cikin bencin. Ina yi, amma ina faɗa musu gaskiya cewa murfin da ake ɗagawa sama zai ci karo da bakin teburin da ya shigo kansa. Aljihun da ake jawowa daga ƙarshen benci ya fi amfani ga kayan kullum. Mai murfin a bar shi ga manyan kuloli da tire-tiren da ba a fito da su sai da salla ko biki.