Likita ɗaya, layi har bakin ƙofa

Jinya na karanta, kuma asibitin da nake gudanarwa ƙarami ne: likita ɗaya na dindindin, wani mai leƙo mu wasu ranaku, 'yan nas-nas, ungozoma, mai gwajin jini, mai ba da magani, sai yarinyar da ke yanka kati. Idan magani ya ƙare, a sayo. Idan na'ura ta lalace, a kira mai gyara. Amma awannin da likita zai iya zama yana duba mutane da cikakken hankalinsa ƙidayayyu ne, kuma rabon waɗannan awanni shi ne ainihin aikina. Sauran duk hidima ce.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa nan da 2030 duniya za ta yi giɓin ma'aikatan lafiya sama da miliyan 10, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Tun a rahotonta na 2006 ta nuna Afirka na ɗauke da kashi 24 cikin ɗari na nauyin cututtukan duniya, amma kashi 3 kacal na ma'aikatan lafiya ke wurinta. Ko Amurka da duk arzikinta, ƙungiyar makarantun koyon likitanci ta ƙasar tana hasashen ƙarancin likitoci zai iya kaiwa 86,000 nan da 2036. To, wanda ya zauna jiran ranar da likitoci za su wadata, sai ya rufe asibitinsa.

Shi ya sa mafi muhimmancin kujera a wurinmu tana bakin ƙofa ne. Nas mafi gogewa nake ajiyewa a kanta, ba sabuwar shiga ba. Kowa ya shigo sai ya bi ta gabanta: ta auna zafin jiki da bugun jini, ta maƙala masa ɗan abin nan a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, ta yi tambaya uku ko huɗu. Idan yaro ne mai tari, sai ta sa uwar ta ɗaga masa riga, ta zuba wa ƙirjinsa ido tana duba agogo har minti guda cif. Jaririn da ya wuce wata biyu bai kai shekara ba, in numfashinsa ya kai 50 a minti, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ya kai 40, to ana zargin ciwon huhu. In kuma ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ba ya komawa kan benci. Haka mai juna biyu da jininta ya kai 160 bisa 110, ko take kukan ciwon kai da gani dishi-dishi: kai tsaye ake shigar da ita wurin likita, ko da mutum ashirin ne a gabanta. Masu jira kan yi guna-guni, mu ba su haƙuri.

Da yawa daga cikin sauran ba sa buƙatar likita a ranar. Mai hawan jini da awonsa ya daidaita ya zo sabunta magani, mai ciwon suga ya zo gwaji, awon ciki na yau da kullum, wankin gyambo, rigakafi, tazarar haihuwa. Duk waɗannan akwai rubutacciyar ƙa'ida da likitanmu ya sa wa hannu, an liƙa ta a bango, ta faɗi abin da nas za ta yi da kuma inda za ta tsaya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Dattawa ne suka fi wuyar shawo kai. Wani ya taɓa ce wa nas ɗinmu, "'Yata, ni fa likita na zo gani." Ta ce, "Baba, maganin nan likita ne ya ɗora ka a kai, kuma yana yi maka aiki. In na ga awonka ya canza, ni da kaina zan raka ka wurinsa." Ya karɓa yana ƙunƙuni. Yanzu in ya zo sunanta yake kira, don ita ke da lokacin tambayarsa ko yana shan ƙwayar kullum ko sai kansa ya sara.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan tsari ba. A 1965 Loretta Ford, wadda nas ce, da likitan yara Henry Silver suka fara horar da nas-nas a jami'ar Kolorado ta Amurka domin su riƙa duba yara da kansu. Mozambik, da likitoci suka watse bayan samun 'yanci, ta fara horar da jami'an lafiya aikin tiyata a 1984, har suka zama su ne ke yin mafi yawan tiyatar haihuwa a asibitocin karkara. Habasha ta ɗauki dubun-dubatar mata daga ƙauyukansu tun daga 2003, ta ba su horon shekara guda ta mayar da su gida aiki. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta fitar da jagora kan miƙa wasu ayyukan likita ga na ƙasa da shi, lokacin da masu ɗauke da cutar ƙanjamau suka fi ƙarfin likitocin da ake da su.

Abin da masu yabon tsarin kan tsallake shi ne sa ido. Miƙa wa nas aiki ka juya baya, wannan sakaci ne da aka sa wa suna mai daɗi. Kowane mako likitanmu kan zaro wasu fayil-fayil daga cikin waɗanda bai gani da idonsa ba, mu zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya. Awa guda ce da ba ta kawo ko kwabo, kuma ita ce ba na yarda a taɓa.

Masu tallar manhajar ganin likita ta waya suna yawan zuwa mana, kowa da alkawarin cewa tasa za ta kawar da layi. Waya ba ta haifar likita. Wanda ke can ɗaya ɓangaren shi ma awanninsa ƙidayayyu ne, kuma ba zai iya taɓa cikin mara lafiya ya ji inda ke masa ciwo ba. Inda na ga amfaninta shi ne idan nas na zaune kusa da majinyacin, ita ce hannun, ƙwararren kuma yana kallo ta bidiyo. Mafi alheri ma shi ne irin abin da Dakta Sanjeev Arora ya fara a jihar New Mexico ta Amurka a 2003 kan ciwon hanta nau'in C: maimakon majinyata su yi doguwar tafiya zuwa wurinsa, sai ya riƙa zama da ma'aikatan ƙananan asibitoci ta bidiyo, su kawo matsalolinsu a tattauna, har suka iya maganin da kansu. Mu ma muna da ƙwararriyar likitar yara da ke ba mu irin wannan zama, kuma abin da aka koya a kan yaro ɗaya yana amfanar na bayansa.

Sai babban ciwon kan sana'ar. Ka horar da nas har hannunta ya faɗa, ranar nan sai ta shigo ofis tana sunkuyar da kai, takarda a hannu: ta samu aiki a Ingila, ko Kanada, ko Saudiyya. Akwai ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita a 2010 kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasashen da ke fama da ƙaranci, amma ba ta tilasta wa kowa, kuma ni ban taɓa ganin laifin mai tafiya ba. Albashin can ba zan iya biya ba. Abin da ke hannuna shi ne albashi ya fita ranar da aka ce, kada a bar mutum ɗaya da aikin dare, hutu ya zama hutu ba a bi mutum da waya, wanda ke son ƙaro karatu a gyara masa jadawali. Wannan yana riƙe wasu, wasu kuma sai sun tafi. Don haka kowane aiki a asibitin nan mutum biyu ne suka iya shi, har da kujerar bakin ƙofa: duk sanda babbar nas ke zaune a kai, akwai ƙaramar da ke tsaye kusa da ita tana ƙidaya numfashin yaron tare da ita, sannan su gwada adadin da kowacce ta samu.