Turken da nake ɗaure darussa a jikinsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani kwaleji a nan Tahoua, a Nijar. Yadda aka koya mini haka na fara koyarwa: in shiga aji, in cika allo da rezime, wato taƙaitaccen darasi, yara su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu, su hardace, ranar jarrabawa su maido mini da kayana. Wata yarinya ce ta sa na canza hanya, shekara biyar da suka wuce.

Mun gama darasin taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka zauna kan rabon Afirka, har na fara share allo, sai ta ɗaga hannu. Ta ce, "Mushe (haka ɗalibai ke kiran malami a nan), gwaggona tana aure a Illela ta Najeriya, kawuna yana Ƙonni. Hausarsu ɗaya, kasuwa ɗaya suke ci. Wa ya ce ita tana wata ƙasa?" Na ce mata Turawa ne. Ta ce, "Wane Bature? Ya zo ya ga wurin?" Yarinyar nan ta san shekarar taron Balin da ka, amma ba ta ga inda shekarar ta taɓa gidansu ba. Kuma tana da gaskiya, don ba a Balin aka ja layin da ya raba ta da gwaggonta ba. Na yi mata alkawarin amsa mako mai zuwa.

Ranar da na dawo, na zo da igiya da ƙusa da taswira, muka fita tsakar lakwal. Na ba su labari daki-daki. A 1890 Ingila da Faransa suka yarda da layi daga Say, bakin kogin Isa, zuwa Barwa a tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama, suka ce a kafa tsinke a birnin Sakkwato, a zagaya da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 160; abin da ke ciki na Ingila ne. Na kafa ƙusa a kan Sakkwato, yara suka auna igiya da ma'aunin taswira, suka zagaya da alli. Sai aji ya kaure da surutu: Ƙonni ta faɗa ciki, Tahoua ta tsira a waje. Wani yaro ya ce, "Ashe da ƴan Ƙonni Ingilishi suke karantawa!" Na ce haka ne, sai dai Faransawa sun yi kukan cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, aka sake gyara layin a 1904 da 1906, Ƙonni ta dawo wannan ɓangare. Ruwan shan sojoji da dabbobinsu ya shiga cikin abin da ya yanke wa gwaggo ƙasarta.

Ban taɓa ganin yara sun riƙe shekaru irin yadda suka riƙe waɗannan ba, kuma ban ce kowa ya hardace ba.

Tun daga nan na fahimci abin da darussana suka rasa. Kamar awaki ne da aka sako ba turke, kowace ta kama gabanta: yau daulolin da, gobe damina da rani, jibi haƙƙin ɗan ƙasa. Yanzu kafin a buɗe lakwal a watan Oktoba, nakan zauna da tsarin karatun shekara, in nemi manyan maganganu uku ko huɗu da ke ƙarƙashin duk babukan, kowace in juya ta ta zama tambaya. Ina kiranta uwar tambaya, don tana haihuwar wasu. Babbar maganar da ke bayan darasin igiya ita ce, iyaka aikin mutum ce, mutum ya ja ta don wata bukata tasa, kuma tana motsi. Amma ba na rubuta wa yara wannan a allo. Abin da nake rubutawa shi ne: wa ya ja layin, don me, wa ya ci riba, wa ya yi asara? Sai mu yi ta komowa gare ta. Idan mun zo yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar da Najeriya ta yi a shekarar, lokacin mulkin Janar Buhari, tambayar na nan tana jira. Haka rufewar 2019, haka ta 2023, wadda yaran da kansu suka gani a farashin kaya a kasuwa da kuma kukan masu albasar Galmi.

Ba kowace tambaya ce uwa ba. "Yaushe Nijar ta samu ƴancin kai?" tambaya ce mai kyau, amma da an ce 3 ga Agusta 1960 ta mutu. Wadda nake nema ita ce wadda ɗan shekara goma sha biyu zai iya cewa wani abu a kai, kakansa ma ya iya, kuma su yi gardama. In ba a iya kai ta gida a baje ta a bakin tuwon dare ba, ban cika yarda da ita ba.

Wadda ta fi kowace nauyi a wurinmu ita ce ta ci-rani. A Adar, wannan yanki namu, ba sai an yi wa yaro bayanin kalmar ba. Nakan ce, wanda mahaifinsa ko yayansa ba ya gida yanzu ya ɗaga hannu. Hannuwa sukan tashi ta ko'ina: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Sai in rubuta: me ke fitar da mutum daga gida, me kuma ke maido da shi? Wallahi rabin labarin ƙasa na cikin tambayar nan. Ruwan saman da muke samu a Tahoua, wajen milimita 350 zuwa 400 a shekara, cikin wata uku ko huɗu, yana ciki. Faƙo da ƙoramu masu cinye gona suna ciki. Yawan jama'a yana ciki: ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, gona kuwa ba ta haihuwa. Nakan sa su lissafa gonar kaka ɗaya idan aka raba wa ƴaƴa biyar, kowane kuma ya raba wa nasa biyar. Ba na bukatar in ƙara ko kalma.

Amma ba na yarda darasin ya tsaya a kuka. Rabin tambayar na biyu, me ke maido da mutum, shi ke kai mu ga aikin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu da ka aka tare ruwa a kan tuddai, da ramukan tassa da manoman wajen Illela ta Nijar da Badagishiri suka farfaɗo da faƙo da su, da layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya. Yaro ya san cewa ƙasa na lalacewa da hannun mutum, tana kuma gyaruwa da hannunsa. Da yawa cikin ɗalibaina kakanninsu mata sun yi wannan aikin, su kuwa ba su taɓa sanin cewa abin da ake karantawa ne a lakwal ba.

Akwai tambayar da nake taka-tsantsan da ita: ƙasa ta wa ce? A ajina akwai ɗan manomi, akwai ɗan Fulani, akwai ɗan Buzaye, benci ɗaya. Kowa ya zo da abin da ya ji a gida game da ɓarnar gona da toshe burtali. Shekarar farko da na gwada ta, murya ta tashi har na tsayar da darasi. Yanzu sai na fara raba matsayi: ɗan manomi ya yi magana da bakin makiyayi, ɗan makiyayi da bakin manomi, wani ya zama maigari. Bayan sun gaji da ja-in-ja nake gaya musu cewa ƙasar nan tana da dokar karkara tun 1993, da kwamitocin filaye da ke shata burtali da tabbatar da gonaki, kuma kafin a je kotu sarakunan gargajiya ke fara sulhu. A nan ne ilimin zaman ɗan ƙasa ke samun gindin zama, don yaro ya riga ya ji a jikinsa abin da ya sa ake bukatar doka. Wasan taubasantaka ma yakan taimake ni, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014. Nakan tambaye su: me ya sa kakanni suka ƙirƙiro hanyar da za a faɗa wa juna magana mai zafi a yi dariya?

Ta huɗu gajera ce: wa ya faɗa, ta yaya ya sani? Yaƙin Sarauniya Mangu da ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Lugu cikin 1899 ya ishe mu misali. Rahoton sojan Faransa na da nasa bakin, mutanen Lugu na da nasu. Yaron da ya saba yi wa takardar Bature wannan tambaya, zai yi wa saƙon muryar da aka turo masa a WhatsApp.

Abokan aikina suna da ƙorafi, kuma ba na raina shi. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya koyar tun ina ɗan lakwal, ya ce mini, "Malam, jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji ba ta tambayar ra'ayin yaro. In ba ka gama babuka ba, kai ka cuce shi." Gaskiya ce. Ajin da ya haura yara saba'in, littafi ɗaya a hannun mutum uku ko huɗu, ga zafin Afrilu, gardamar minti ashirin ba abu ne mai arha ba. Na ce masa, "Baba, rezime na nan, ban jefar ba." Ina ba da shi har yanzu, sai dai ya koma ƙarshen darasi, ya kuma gajarce, yara ke taya ni haɗa shi. Wasu makonni lokaci kan ƙure in koma tsohuwar hanya, kuma raina ba ya so. Abin da na lura shi ne, shekarar da aka ɗaure a jikin tambaya ba ta saurin kwancewa daga kan yaro, ko a ɗakin jarrabawa.

Sai maganar harshe, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron da ke shiru kamar ruwa ya cinye shi idan na yi tambaya da Faransanci, shi ne zai cika aji da hujja idan na maimaita da Hausa. Don haka uwar tambaya da Hausa nake fara faɗin ta, masu Tamajak da Fulatanci su juya ta zuwa nasu, mu yi tunanin, sannan mu ɗauke shi zuwa Faransancin da za a rubuta. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 nake fatan ganin littafin tarihin Adar da Hausa a hannun yaro, mai labarin Agabba ɗan Sarkin Agadas da sarautar Illela, irin abin da Farfesa Djibo Hamani ya bincika tun 1975.

Hutun da ya wuce na ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsoho ko tsohuwa a gidansu, wace shekara ce ta fi wuya, kuma me aka ci. Wani yaro mai yawan shiru ya dawo da shafi uku. Kakarsa ta ba shi labarin El Buhari, yadda suka jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, yadda kakansa ya sayar da saniyar ƙarshe ya nufi kudu ya tarar da iyaka a rufe, ya bi ta daji da dare. Ya karanta a gaban aji, ba wanda ya yi motsi. Da ya gama sai ya ce, "Mushe, kaka ta ce in tambaye ka, shin Baturen da ya ja layin ya san da yunwa?" Na rubuta tambayar tsohuwa a saman allo, na ce kada mai share allo ya taɓa ta. Ranar Litinin da ita za mu fara.