Zaiba a Cokalin Yayana

Ranar da na fara lura da hannun Yaya, shayi yake sha a zaure. Ya ɗaga kofi sai na ga hannun na kakkarwa, har shayin ya ɗiga masa a riga. Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Ya ce gajiya ce, kwana biyu bai rintsa ba. Na yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Shekarata tara ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu, na san rawar hannu ta gajiya, na kuma san wadda ba ita ba. Da yamma matarsa ta ja ni ɗaki ta ce ya koma mai saurin fushi, yana ajiye abu ya manta, kuma dasashinsa na jini in ya yi asuwaki.

Yaya ba ya shiga rami. Aikinsa shi ne na ƙarshe a harkar gwal. Bayan an niƙa dutse an wanke garin, sai a zuba zaiba a kwano a cuɗa da hannu, ita kuma ta kama ƙwayoyin gwal. A juye a ƙyalle a matse, a samu ɗan dunƙule fari mai taushi. Shi Yaya yake ɗorawa a cokali ya kara a garwashi, zaibar ta tashi, gwal ya rage. A ina? A tsakar gidanmu, kusa da murhun da ake tuƙa tuwo. Tiririn ba ya da wari, ido kuma ba ya ganinsa. Mutum ya shaƙa ya wuce huhu, ya bi jini ya zauna a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Wanda bai shiga hanci ba ya lafe a bango da tabarma da tufafi, yana ta tashi a hankali.

Mu 'yan Zamfara ba baƙin guba ba ne. A 2010 dalmar da ke cikin dutsen gwal ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF sun zo, an kankare ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mun ɗauki darasi, mun fitar da niƙan dutse bayan gari. Amma dalma da ganga ta shigo mana, yaro ya suma a goyon uwarsa kowa na gani. Zaiba da sanɗa take zuwa, shi ya sa muka bar ta cikin gida.

Abin da ya tayar da ni tsaye ba hannun Yaya ba ne ma. Wata safiya na tarar da 'yarsa mai shekara huɗu durƙushe a bakin ƙofa, tana tura wani ɗigo mai sheƙi da tsinke. In ta taɓa ya rabu uku, ta haɗa ya koma ɗaya, tana ta ƙyalƙyala dariya. Uwarta, da cikin wata bakwai, ta ɗauko tsintsiya za ta share. Na riƙe hannunta. Tsintsiya farfasa zaiba take yi ƙanana ta watsa ta ko'ina. Da ɗan kwali muka tattara, muka zuba a kwalba mai ruwa muka rufe tam.

Daren nan na zagaya gida biyar. Kowace mace na yi wa magana sai ta ce ai su ma haka ake yi a nasu gidan. Bayan mako biyu mu goma sha ɗaya muka tafi ƙofar dagaci, wata dattijuwa ungozoma ta yi mana jagora. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo hana kowa neman abinci ba. Wutar nan muke roƙo a fitar mana da ita daga inda 'ya'yanmu ke kwana." Malam Liman ya ɗauki maganar a huɗuba, ya kawo hadisin nan na babu cuta babu cutarwa.

Mazan ba su amsa nan take ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yaya ya ce mini, "Ƙanwata, kin san halin da ake ciki. In na fita bayan gari da gwal a hannu, wa zai tsare ni?" Gaskiyarsa. Sai aka daidaita a kan rumfa buɗaɗɗiya a gefen gari, kusa da inda 'yan banga ke zama, ta ɓangaren da iska ba ta kaɗowa cikin gidaje. Ƙona sai da rana, ban da yara, ban da mai ciki.

Abin da ya fi jan hankalinsu kuwa wata 'yar tukunya ce da mai walda ya haɗa mana da bututun ƙarfe. A sa dunƙulen ciki a ɗaure, a ba shi wuta. Tiririn ya bi bututu ya huce, ya ɗigo cikin ruwa ya koma zaiba. Da fari sun ƙi, wai ba sa ganin gwal ɗinsu yana ƙonuwa, kuma yakan fito da ɗan duhu. Ranar da Yaya ya ga mafi yawan zaibar da ya saya da tsada ta dawo masa a gindin kofi, ya juya ta ya sake juyawa, bai ce komai ba. Washegari shi ya kai wa mai walda kuɗin ta biyu. Har yanzu ina faɗa da su kan buɗe ta da zafi, don nan ne tiririn ke kuɓuta ya doki fuskar mutum.

Rafinmu ne ke hana ni barci. Ruwan wanki yana gangarawa can, kuma a cikin laka ƙwayoyin bakteriya kan juya zaiba ta zama nau'in da ke taruwa a jikin kifi. Babban kifi ya ci ƙarami, gubar ta ƙaru, dahuwa ko suya ba sa fitar da ita. Ta hanyar kifi ta hallaka mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalonta a teku. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan rage amfani da zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska daga ƙananan masu haƙar gwal take fitowa. Da na karanta, cokalin Yaya na gani. Mun sa samari sun haƙa rami nesa da gaɓa don ruwan wankin ya tsaya ya kwanta, amma damina ɗaya ta cika shi, sai an sake.

Yaya ya bar ƙona yanzu, shi ke kula da rumfar. Hannun ya ɗan yi sauƙi, ko da yake har yau matarsa ke ɓalla masa maɓallin riga. Saura masu sayen gwal na kasuwa, waɗanda ke sake ƙona shi a shagunansu, ga mai ƙosai a bakin ƙofa. Ranar Laraba za mu je wajen sarkin kasuwa, ungozoma ta ce ko da sanda sai ta je.