Hoton allo ko an mayar da shi PDF, hoton allo ne

Har yanzu in na ji wani yana ce wa mai fotokwafi "na turo maka ta WhatsApp, buga min," sai raina ya sosu. Wannan hanyar ce ta kusa sa ƙanwata asarar shekara guda.

Konkur, wato jarrabawar neman gurbi, za ta shiga, rajistar kuma ta intanet ake yi. Ta taso daga Mora ta sauka gidana a Domayo, nan Marwa, muka cike komai a kwamfutata. A ƙarshe takardar shaidar rajista ta bayyana a allo, da hotonta, da lambarta, da tambarin QR a kusurwa. Maɓallin saukar da takardar ya ƙi aiki, ga batir yana ƙarewa, wuta ba ta dawo ba. Sai na danna "Impr écran", maɓallin ɗaukar hoton allo, na yanke gefe-gefen hoton, na tura wa mai shagon da ke bakin layinmu. A waya hoton tsaf yake, har ƙananan rubutun ƙasa ana karantawa. A takarda ma, daga nesa, ba ka ce akwai wani abu ba.

Washegari da hantsi ta kira ni, muryarta na rawa: "Yaya, sun mayar da ni." Mai karɓar dosiye, wato takardun rajista, ya haska tambarin ya ƙi karantuwa, ya duba lambar rajistar ya kasa bambanta 3 da 8. Tun asuba take kan layi, ga ranar rufewa ta matso.

Na ce to, tunda takardun ofis PDF ne, bari in mayar da hoton PDF. Na mayar, aka buga, ya fito da dishi-dishinsa kamar na farko. Mai shagon ya ɗaga takardar ya ce, "Malam, buhu ka sake, geron na jiya ne." Wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi nake so mutane su riƙe. PDF ba ya ƙara wa hoto ko ɗigo ɗaya.

Ga lissafin da mai shagon ya nuna min a bayan takardar da ta lalace. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne, kuma adadinsu bai wuce na allon da aka ɗauke shi ba. Allon kwamfutata, kamar na yawancin kwamfutocin hannu na gwanjo da ke yawo a nan, ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsaye. Takardar A4 kuwa santimita 21 ce a faɗi, 29.7 a tsawo, kuma in ana son bugu mai kyau, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana cin ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Takardar ƙanwata ko rabin allon ba ta cika ba. Ke nan ɗigo ɗari shida da 'yan kai aka miƙe a faɗin da ke neman kusan dubu biyu da ɗari biyar. Ina za su isa?

Sannan WhatsApp ya ƙara nasa. Duk abin da aka tura masa a matsayin hoto sai ya matse shi ya mayar JPEG don rage nauyi. Hoton biki ko na suna ba a lura, amma rubutu da tambarin QR gefensu kaifi ne, baƙi jikin fari, kuma daidai nan matsin ke ɓatawa. In ka kawo takardar kusa da ido za ka ga toka-toka kewaye da kowane harafi. Yankan da na yi ma ya ci farin filin da ke zagaye da tambarin, alhali da wannan filin na'ura ke gane inda tambarin ya fara.

Abin da ya warware matsalar bai kai minti biyu ba, shi ya sa nake ƙara jin haushi. Da wuta ta dawo na sake buɗe shafin, na danna Ctrl da P, a wurin zaɓen firinta na ɗauki "Enregistrer au format PDF", wato adana a matsayin PDF. Chrome na da shi, Windows kuma tun fitowar Windows 10 a 2015 yake zuwa da "Microsoft Print to PDF". Ta wannan hanya rubutu yana shiga fayil a matsayin rubutu, firinta ce ke zana haruffan da kaifinta, ko ka girmama shafin sau goma gefen harafi ba ya fashewa. A duba abu biyu kafin a adana. Girman takarda ya zama A4, don kwamfutocin da suka fito daga Amurka sau da yawa a kan Letter suke, wadda ta fi A4 gajarta da kusan santimita biyu, sai layin ƙarshe ya tsallaka shafi na biyu. In kuma launi ko tambarin da ke bayan rubutu ya ɓace, a shiga "Plus de paramètres" a kunna "Graphiques d'arrière-plan".

Na san akwai abin da ba ya bugawa haka, kamar taswira ko wata manhaja da ba ta da wurin bugu. Nan dole a ɗauki hoton allo. To a fara girmama abin da Ctrl da +, ya cika allon fal, ko da za a ɗauke shi kashi biyu. A yanka da maɓallan Windows, Shift da S, a adana shi PNG, don PNG ba ya zubar da komai. Firefox ma yana iya ɗaukar dogon shafi tun daga sama har ƙasa a hoto guda. Mai allo baƙi ya mayar da shi fari tukuna, in ba haka ba shafin zai sha tawada, mai shago kuma ya ƙara kuɗi, da gaskiyarsa.

Amma duk wannan wahala banza ce in aka sake tura shi a matsayin hoto. A danna alamar maƙala fayil a zaɓi "Document", ko a kai shi a kile ta USB. Na sha faɗa wa ɗalibai haka a shagon, wasu su ce data za ta ƙare, alhali PDF na shafi ɗaya sau da yawa bai kai nauyin hoton da suke turawa ba. Kafin kuma a biya mai shago, a buɗe kyamarar waya a haska tambarin da ke kan takardar. In wayarka ba ta karanta shi ba, kada ka hau mashin zuwa ofis da shi.