Baba mai bishara ya sauka daga aiki

Jiya Lahadi aka yi sujadar sallamar Baba mai bishara na ƙauyenmu, har yanzu abin bai bar raina ba. Tun kafin a haife ni EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta cocin ECWA, ta turo shi, ba albashin kirki, wani satin ma baikon duka kwanon dawa ne da 'yan ƙwai, shi da Mama su yi noma da damina su ci, amma ranar Laraba yana kan kekensa zuwa addu'a a ƙauyen gaba ko ana ruwa. Lokacin rikici da mutane suka watse aka roƙe shi ya bi su, ya ce to tsofaffin da ba sa iya gudu fa, wa zai bar wa? Ya zauna.

Littafi Mai Tsarkinsa na Hausa ya yage har da roba yake ɗaure shi, a ciki ya koya wa yawancinmu karatu. Yanzu fasto ya yi wata biyu ba a biya shi ba sai neman canji zuwa Jos, ban ga laifinsu ba rayuwa ta yi tsada, amma irin su Baba sun yi ƙaranci.

Muna haɗa kuɗi a sa masa kwano a gidansa kafin ruwa ya sauka, mai niyya ya turo min saƙo.