Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwajin Numfashi

A makon jiya na tsaya kan tarin da ya ƙi barina. An auna kakina ba a ga tarin fuka ba, aka ɗauki hoton ƙirji aka ce ba komai, sai wani likita ya rubuta asma ya sallame ni. Gwaggo kuwa da ma ta gama yanke hukunci: "Ke dai raki ne da ke." In yi shara in tsaya ina haki, raki ne. In kasa ɗaga bokiti, raki ne.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa. Autana ne, bayan ya yi hankali, ya ce, "Umma, sai an gwada numfashinki." Na'urar, sifirometa suke ce mata. Aka matse mini hanci da wani ɗan maƙali, na kama bututu da leɓe, ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, ja iska har ƙirji ya cika, ki fesa da ƙarfi, kar ki tsaya!" Ina hurawa tana "ci gaba, ci gaba" har idona ya kawo ruwa. Sai an samu hurawa uku masu kyau ake yarda da sakamako. Daga nan ta ba ni salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, na shaƙa, na jira minti 15, muka maimaita.

Abin da suke dubawa shi ne iskar da ta fita a daƙiƙar farko, a kwatanta da dukkan wadda aka fitar. In ta gaza kashi 70 cikin 100 bayan an shaƙi magani, hanyoyin iska sun toshe, toshewar da ba ta komawa daidai, wato cutar huhun da ake kira COPD. Mai asma sau da yawa nasa yakan buɗe da maganin. Nawa bai motsa ba.

Likitan ya tambaya ko ina shan taba. Ni? Ya ce hayaƙin itacen girki a ɗaki marar iska ma yana jawo ta. Kuma wa ya bar mini girkin gidan nan duka tun ina amarya? Allah ya jiƙan Gwaggo, na yafe, amma na so a ce ta ga takardar nan da idonta, ta sake cewa raki ne.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda muka kwashe da Yaya a kan maganin shaƙa, wanda ya rantse wai in na fara ba zan iya dainawa ba.